Injin Wanki A Cikin Mota Mai Ɗaki: Kwana Huɗu A Tishigu

A wannan wata filinmu na yawon gari ya kai mu Arewa, birnin Tamale. Ba duk birnin za mu zaga da ku ba, unguwa ɗaya ce tak, wato Tishigu, inda muka yi kwana huɗu cikin watan Fabrairu na 2024 muna kallon yadda ake fafutukar sa injin wanki a cikin wata mota mai ɗaki. Mun san wani zai ce, to ina ruwanmu da injin wanki a mota, mu da ko a gida ba mu da shi? Mu ma abin da muka faɗa ke nan kafin mu je. A yi haƙuri a biyo mu.

Mun taso daga Kumasi bayan sallar isha'i a cikin babbar bas, muka bi ta Techiman da Kintampo, muka ƙetare Baƙin Bolta a Buipe, muka sake ƙetare Farin Bolta a Yapei, asuba ta yi mana a bakin Tamale. Tafiyar kilomita wajen 380 ce. Wanda ya daɗe bai zo ba, gadar saman da aka buɗe a tsakiyar gari a 2022 za ta ruɗe shi, amma sauran abubuwa suna nan yadda ya bar su. Babura da kekuna kamar fari, mata da lulluɓinsu suna tuƙa babur da yaro a goye, ga 'yan keke mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo suna kutsawa ta ko'ina. Hunturu yana ban kwana, zafi yana sallama, ƙura kuwa ta rufe komai, har ganyen dogon-yaro ya koma ja.

Tishigu tana cikin tsofaffin unguwannin gari, ba ta da nisa da babbar kasuwa, mai ƙafa ma yana iya takawa. Unguwar Dagwamba ce tun asali, saboda haka da safe sai ka ji ana "Dasiba", ana amsawa "Naa". Amma idan ka yi sallama da Hausa ba za ka rasa mai amsa maka ba, musamman wajen mahauta da masu shayi da tsofaffin direbobi. Gidaje irin na tsakar gida ne, ɗakuna kewaye da fili, lunguna ƙanana, kowane 'yan taku da ɗan masallaci, tumaki suna kwance a inuwar bango ba su tashi don kowa. Mun karya da koko da ƙosai a bakin wani lungu, nan muka fara ganin abin da ya bi mu har muka bar unguwar: jerin jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa sunan galan ɗin Kufuor, an jera su a gaban famfon da ba ya ɗigar da komai.

Sai mun ɗan tsaya a kan maganar ruwa, domin in ba a fahimce ta ba, ba za a gane abin da ya sa zaɓen injin wanki ya zama shari'a ba. Tamale ba ta kan kogi. Dutsen da ke ƙarƙashinta kuma irin wanda ba ya riƙe ruwa ne, shi ya sa sau da yawa akan haƙa rijiyar burtsatse a tashi a tutar babu. Ruwan famfon gari daga Farin Bolta ake jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, sa'an nan a turo shi tafiyar kilomita talatin da wani abu. An faɗaɗa matatar a 2008, amma gari ya ci gaba da girma fiye da bututu, masu ɗibar yashi a bakin kogi kuma suna ƙara dagula ruwan. A 2020 an ƙaddamar da shirin jawo wani ruwan daga Yapei. Lokacin da muka je dai, abin da idonmu ya gani shi ne tankoki da babura masu bodi suna sayar da ruwa layi-layi, mai hali ya cika babban tankin roba, marar hali ya sayi jarka biyu ya yi ta lallaɓawa. Tsofaffi ba su manta da zamanin shan ruwan dam da kurkunu ba. A ƙasar Savelugu, nan arewa da Tamale, aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Gana a 2010, sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da cutar. A irin wannan gari mace takan san lita nawa ta zuba a baho ko da ba ta taɓa auna lita ba.

To, motar. Mun same ta a ƙofar wani gida, ƙarƙashin itacen mangwaro, yara sun kewaye ta. Fara ce, ƙirar Fiat Ducato, irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita. A ciki akwai gado biyu, da ɗan murhun gas, da firij, da wani ɗan ɗakin wanka wanda in ka shiga ba ka iya miƙe hannu biyu. Mai ita ɗan gidan ne, ya shekara fiye da ashirin a Jamus, don haka kowa Boga yake ce masa, kamar yadda ake kiran duk wanda ya dawo daga Turai, sunan da ya samo asali daga birnin Hambug inda 'yan Gana da yawa suka yi ci-rani. Ta jirgin ruwa ya auno ta zuwa Tema, ya tuƙo ta da kansa har ƙofar gida. Sitiyarinta a hagu yake, daidai da hannun da Gana ta koma tun 1974.

Mun tambaye shi, "Boga, yawon shan iska za ka fara irin na Turawa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, shigo ka gai da Baba tukuna."

Alhaji yana kwance a kan katifa a ɗakin da ke kusa da zaure. Ya haura shekara tamanin, shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Magana tana fita da ƙyar, amma hankali garau. Kakansa Ba'agale ne daga ƙasar Kano, yana cikin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro da jakuna, irin sana'ar da Alhasan Ɗantata ma ya yi a wannan ƙasa kafin ya shahara da gyaɗa. A Salaga suka zauna. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, kowa ya kama gabansa, wasu Kete-Krachi, wasu Kintampo, wasu Yendi. Da Turawan Ingila suka maido hedkwatarsu ta Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, kasuwa ta buɗe, gidan su Alhaji ya gangaro nan. Sai kuma 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasa. Alhaji ya tsaya, domin mahaifiyarsa Badagwamba ce. Ƙanensa, wanda uwarsu ba ɗaya ba, ya hau lore ya nufi Kano. Sau biyu kawai suka sake haɗuwa tun daga ranar. Yanzu ƙanen ma ya tsufa, ido ya tafi. Alhaji ya ce wa ɗansa abu ɗaya yake so kafin ta Allah ta kasance: a kai shi ya riƙe hannun ɗan'uwansa.

An yi maganar jirgin sama, amma daga Tamale sai an sauka Ankara, a sake sauka Legas, kafin Kano, ga mutumin da ba ya iya zama na awa ɗaya. Shi da kansa ma ya ƙi. Ya ce ta ƙasa kakanninsa suka zo, ta ƙasa zai koma. Hanyar Burkina da Nijar ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, iyakar Nijar da Benin kuma an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Saboda haka Boga ya shata hanyar gabas: Yendi, Zabzugu, a shiga Togo ta Tatale, a bi Kara, a faɗa Benin ta Jugu da Nikki, a shiga Nijeriya ta Chikanda, daga nan a nemi shawarar direbobi kan hanyar da ta fi lafiya, kuma ba tafiyar dare. Wanda ya san tarihi zai ga kusan sawun fataken goro ne aka bi. Da marar lafiya a kwance, ya ƙiyasta kwana shida ko bakwai.

Ga inda wanki ya shigo. Mai irin ciwon Alhaji ba ya iya riƙe fitsari. A gida Hajiya da jikokinta sukan wanke zanin gado biyu ko uku kullum, ban da wando da riga. Alhaji mutum ne da bai taɓa yarda ya yi salla da tufa mai shakka ba, kuma abin da ya fi tsana shi ne baƙo ya shigo ya ji wari. A hanya babu jikoki, babu tsakar gida, Hajiya kuwa ita ma ta manyanta, yatsunta sun ƙage. Boga ya ce, "Ba zan kai Baba gaban ƙanensa yana jin kunyar jikinsa ba, ba kuma zan bar Mma tana durƙuso a bakin titin Togo tana cuɗa zani ba." Azumi kuma saura wata ɗaya, ana so a je a dawo kafin ya kama.

Inji uku aka yi muhawara a kansu, mun kuma ga biyu da idonmu.

Na farko shi ne babban injin nan mai ƙofar gilashi a gaba, wanda yayar Boga ta ba da aro daga gidanta. Kowa shi ya fi so, domin ka zuba kaya ka danna, ka tafi harkarka. Ƙarti huɗu suka ɗauko shi. Nan mai gyaran wutar da aka kira, wanda yaransa ke ce wa Masta, ya fara girgiza kai. Ya ce irin wannan inji yakan kai kilo sittin zuwa saba'in, domin akwai tubalan kankare a cikinsa da ke hana shi rawa. Boga ya riga ya kai motar sikeli. Lasisin ƙaramar mota na Turai iyakarsa kilo 3,500, a kan haka aka ƙera yawancin irin waɗannan motoci, kuma abin da ya rage masa bai fi kilo ɗari huɗu da 'yan kai ba. A ciki za a cire mutum huɗu, a cire tankin ruwa na lita 100, wanda shi kaɗai kilo 100 ne, a cire abinci, da keken marar lafiya, da tsarabar Kano. Ina wurin kankare?

Sa'an nan gangar da ke cikin injin a rataye take da sifirin. Sabon inji yakan zo da wasu dogayen ƙusoshi a bayansa da ke ɗaure gangar lokacin ɗauko shi, a kwance su in an girke shi. Aka tambayi Yaya ina nata, ta ce ita ko ganinsu ba ta taɓa yi ba. Ba su kuwa, duk ramin da mota ta faɗa, ganga za ta yi ta dukan bango har wani abu ya karye. Ko da suna nan, wa zai riƙa ɗaurawa da kwancewa safe da yamma?

Duk da haka Boga ya nace a gwada, wai gani ya kori ji. Aka ɗora shi a tsakiyar mota, aka jona. Da ya fara jan ruwa lafiya lau. Da ya zo dafa ruwa sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke, fitilun mota suka mutu. Masta ya ɗauki alli ya yi mana lissafi a jikin bango. Abin dafa ruwan injin yana cin wat 2,000. Batirin mota bolt 12 ne. Ka raba 2,000 gida 12, ka ga amfiya fiye da 160 ke nan za su bi ta waya, abin da sai waya mai kaurin yatsa. Batirin ɗakin motar kuwa, mai amfiya 100, duk abin da ke cikinsa wat 1,200 ne na awa ɗaya, kuma da yake irin na da ne mai ruwan asid, rabi kawai ake so a ci in ana son ya yi ƙarko. A Turai, in ji Boga, masu irin wannan mota sukan kwana a sansanin da ke da wurin jona wuta da famfo. Tsakanin Zabzugu da Nikki wa zai ba ka wannan? Aka jawo waya daga cikin gida aka ƙarasa gwajin, don a ga matsewa. Da ganga ta ɗauki gudu, motar duka ta kama rawa a kan tayoyinta, kofuna suka zubo daga kanta, yara suka watse da ihu. Hajiya da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "A nan za a kwantar da Alhaji?" Magana ta ƙare. Da aka auna abin da ya sha kuma, wanki ɗaya ya cinye jarka biyu, wajen lita hamsin, rabin tankin motar.

Na biyu a waya kawai muka gan shi. Wani ɗan ƙaramin inji ne na kamfanin Daewoo da ake kafewa a bango, mai cin kaya kilo uku, wanda masu motocin ɗaki a Turai suke so ƙwarai don bai kai kilo ashirin ba. Kyakkyawa ne, ba ƙarya. Amma ba a same shi a shagunan da aka zaga a Tamale ba, kafin a auno shi azumi ya kama, kuma bangon motar ba bango ba ne, falle biyu ne na sirara da soso a tsakani, sai an yi masa ƙarfe daga ƙasa har sama. In wani abu ya lalace a cikin kwamfutarsa a Jugu, wa zai taɓa shi? Aka bar shi.

Na uku shi ne wanda Boga ya raina tun farko: injin roba mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, irin wanda ke jere a shagunan kayan wuta na cikin gari. Ya ce wannan ai kayan ɗalibai ne. A ganinmu kuwa, tun ranar farko shi ne amsar, sai dai mutum in ya sha wahalar Turai yakan so a ga alama a kayansa. Mutum ɗaya yana ɗaga shi. Ba ya dafa ruwa, saboda haka ƙaramin da aka saya bai wuce wat 250 ba wajen wanki, wankin minti goma sha biyar kuwa ɗan kaɗan yake taɓawa a batir, farantin sola da ke kan rufin motar ya mayar kafin azahar. Ba ya bukatar ƙarfin famfo, da bokiti ake zuba masa, ko daga rijiya ko daga burtsatse. Ba kwamfuta a cikinsa, mota biyu ce da bel da agogon murɗawa, duk mai gyaran fanka zai iya buɗe shi. Abin da ya fi burge Hajiya kuma, ruwa a hannunta yake. Ta fara da fararen kaya, ta sa masu launi a ruwan sabulu ɗaya, ruwan ɗauraya na yau ya zama na jiƙon gobe, kamar dai yadda take yi a baho shekara hamsin.

Akwai wani dalilin da mu bai zo mana a rai ba sai da limamin masallacin layin ya leƙo bayan la'asar. Alhaji ne ya sa a kira shi, don hankalinsa bai kwanta da tsarkin kayan da inji ya wanke ba. Liman ya ce, "Baba, a karatun da muka yi na Malikiyya, najasa ba ta gushewa a hukunce sai da ruwa tsantsa, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja ba. Ruwan sabulu yana fid da datti, amma ɗaurayar ƙarshe sai ta zama da ruwa zalla, har a ga ya fito garau." Ya ba da shawara a fara zuba wa wurin najasar ruwa a bokiti a waje kafin a sa zanin a inji, a ƙarshe kuma a kwarara ruwa mai tsabta a kan kayan suna cikin bahon matsewa. Mai baho biyu a buɗe yake, Hajiya tana ganin ruwan da ke fita da idonta. Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Wannan."

Sai girkawa, wadda ta ci kwana biyu, har Masta ya ce kada fa wankin hula ya kai mu dare. An fara tunanin sa shi a akwatin kaya na can baya, inda akwai fili. Wani tsohon direban lore da ke zaune a benci yana kallo ya hana. Ya ce duk nauyin da ka sa bayan tayoyin baya yana ɗaga gaba ne, kuma nan ne mota ta fi tsalle. A sa kaya ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wurin da ya cika wannan sharaɗi shi ne ɗakin wanka, kuma yana da wata fa'ida: duk ruwan da ya fantsama a kwanon wanka zai zuba, ya bi magudana, ba zai jiƙa katakon daɓen mota ya ruɓar da shi ba. Aka auna ƙofa da igiya, ta ƙi da yatsa biyu. Aka cire ƙyauren aka rataya labule.

Matsala ta gaba, wannan inji ba shi da famfon fid da ruwa, gangarowa ruwan yake yi da kansa, don haka dole bakin tiyo ya zama ƙasa da gindin baho. Mai walda ya haɗa ɗan teburin ƙarfe mai tsawon taƙi ɗaya, aka yanko robar tsohuwar taya aka sa a ƙarƙashin ƙafafunsa don ta shanye girgiza ta kuma kare kwanon wankan. Wajen ɗaurewa ne aka kusa yin ɓarna. Daɓen irin wannan mota katako ne da soso, sukurun da ka ɗaura a ciki ba zai kai Yendi ba, sai ƙusa mai noti da ta huda har ƙasa, da faifan ƙarfe a bayanta. Wani yaron shago ya ɗauki injin huji zai fara, Masta ya daka masa tsawa, ya sa shi ya kwanta ƙarƙashin mota ya duba tukuna. Daidai inda ya sa alama, tankin ruwan datti ne a ƙasa, bututun gas kuma yatsa uku daga nan. Aka matsa gefe, wajen bakin ƙofar ɗakin wankan, aka kafa zobba biyu a can, biyu a jikin ƙarfen kujera, aka ɗaure inji da ɗamarar kaya mai ƙugiya, ɗaya ta ciki ɗaya ta sama. In za a yi wa Alhaji wanka, minti biyu ne a kwance a fitar da shi.

A ɓangaren wuta Masta bai yi rowa ba. Ya cire tsohuwar inbata, ya ce irin mai rahusa ce da wutarta ke fita da gargada, tana sa mota ta yi gurnani ta yi zafi. Ya sa mai wat 1,000 wadda wutarta ke fita sumul kamar ta gida, domin motar inji takan ja ninki biyu ko uku na ƙarfinta a lokacin tashi. Ya girke ta kusa da batir don waya mai kauri ta zama gajera, ya sa fiyus a bakin batirin, ya kuma sa makashin nan da ke ɗauke wuta da kansa in ta fara zurarewa, ya ce inda ruwa da wuta da tsohuwa mai jiƙaƙƙen hannu suka haɗu ba a ganganci. Soket ɗin a waje da ɗakin wanka ya kafa shi, sama da kai. Wutar Gana da ta Jamus duk bolt 230 ce, bambancin a bakin fulogi ne kawai, namu mai ƙafa uku irin na Ingila, nasu mai biyu, sai aka canja soket. Ruwan zafi kuwa, jarka ɗaya aka shafa wa baƙin fenti aka ɗaure a rufi. A ranar Tamale ta Fabrairu, kafin la'asar ba ka iya tsoma hannu.

Muna wannan aiki muka ba su labarin marubucin nan na Amurka, John Steinbeck, wanda ya zaga ƙasarsu a 1960 cikin mota mai ɗaki shi da karensa. Shi bokiti mai murfi ya samu, ya zuba kaya da ruwa da sabulu, ya rataye shi da igiyar roba, girgizar hanya ta yi masa wanki. Tsohon direban ya yi dariya har da tari, ya ce su sun yi haka da garwa a kan lore tun kafin a haifi Boga, kuma a wasu hanyoyinmu ko bargo ka sa zai fita. Boga dai ya sa an nemo wata ganga mai murfi an ɗaure a baya, ko da inji zai ba da kunya.

Ranar ta huɗu da hantsi aka yi gwajin gaske. Aka daidaita motar da katako a ƙarƙashin taya ɗaya, don in ta karkata bahon matsewa yakan yi ta dukan gefe. Hajiya ta shiga da kanta, da zanin gado biyu da wanduna uku. Da farko ta tara kayan gefe ɗaya a bahon matsewa, inji ya yi ƙara kamar ana dakan sakwara. Masta ya ce, "Mma, a baje su, a danna, a ɗora faifan nan a kai." Ta gyara, ya koma shuru. Mun ƙirga abin da aka zuba daga fari har ƙarshe, jarka ɗaya da rabi, an kuma tare ruwan ɗauraya a bokiti aka yayyafa wa tsakar gida. Zannuwan da aka shanya a igiya tsakanin mota da mangwaro sun bushe kafin a kira azahar. Jikoki suka so a jefa batakarin Alhaji, saƙar Daboya mai baƙin baba, wanda zai sa ranar da zai shiga Kano. Hajiya ta fizge shi. Ta ce wannan ba ya shiga inji, zare zai saki, baba zai zuba, da hannu za ta wanke shi ko yatsun za su karye.

Ba mu ga tashinsu ba, domin bas ɗinmu ta riga su da kwana biyu, suna jiran katin inshorar ECOWAS da takardar likita. Amma mun bar lambarmu. Daga baya saƙon murya ya shigo daga Boga, ana jin hayaniyar gida a bayansa. Ya ce sun kwana bakwai a hanya. A Kara ɗamara ɗaya ta saki, sun sake ɗaurewa. A wani ƙauye bayan Jugu mata sun taru a bakin burtsatse suna kallon Hajiya tana wanki a cikin mota, har wata ta kawo zaninta a gwada mata. Gangar baya ba a taɓa ta ba, sai dawa da aka cika ta da ita a Nikki. Ya ce sun shiga Kano ranar Alhamis da yamma, Baba yana sanye da batakarinsa, ƙanen ya fito ana riƙe da shi, ya yi ta shafa fuskar yayansa da hannu biyu.

Muka tambaye shi injin fa? Ya ce yana nan, matan gidan ƙanen Baba sun sauke shi daga mota suna ta aiki da shi, kuma ga alama da ƙyar zai dawo Tishigu.